Sai-Mun-Je

Na wanke shi tun da asuba,
na goge tankin da tsohon ɗankwalin Furera,
na tura shi da ƙafa daga Herwagana har Tashar Dukku,
don ya ce yau ba zai tashi ba.
Ban yi masa musu ba. Ya san inda za mu.

Gidado dillali ya ja ni gefe:
"Malam, kai dai ja bakinka, bar mini cinikin."
To, wa ke iya shiru a kan abokin shekara sha tara?

Na ce da masu tayi, ku tsaya ku ji.
Kulocinsa na zamewa in rana ta take.
Giya ta uku ba ta shiga sai da lallashi.
Kafireta na tari da safe, ni ma haka.
Yana shan baƙin mai ya mayar da shi shuɗin hayaƙi.
Mita ta tsaya a dubu casa'in da bakwai,
abin da ya biyo baya, ni da Allah muka ƙirga.
Wannan lotsawar ta tanki kuwa
bijimin Arɗo Sambo ne a Nafada,
ya ƙi allura, ya huce a kan wanda bai yi masa komai ba.

Gidado na ta taka mini ƙafa.

Ban gaya musu sauran ba.
Yadda muke fita da akwatin allurar shanu a baya,
ƙanƙara na narkewa, muna tsere da ita,
ruga bayan ruga, Bajoga, Dukku, gangaren Dadin Kowa.
Daren da laka ta riƙe mu bayan Kumo
na kwana jingine da injinsa, ɗuminsa ne bargona.
Ranar da Furera ke naƙudar fari
shi ya ɗauko ungozoma, bai yi tari ko sau ɗaya ba.
Wannan ba ya shiga ciniki.

Wani mai shagon kayan gyara ya ƙwanƙwasa salansa da zobe:
"Dubu ɗari uku da hamsin.
Inji daban, tayoyi daban, ƙarfen a kai kilo."
Yana magana kamar mahauci a gaban sa.
Na ce albarka.
Gidado ya dafe kai.

Can sai ga wani yaro, Lamela, ɗan Kaltungo,
an tura shi koyarwa wani ƙauye bayan duwatsun Cham
inda mota ke zuwa ran kasuwa kaɗai.
Bai taya ba tukuna. Ya tsuguna,
ya dangwali man, ya murza a yatsa, ya sansana,
ya ɗago ya ce, "Baba, yaya sunansa?"

Tun safe ba wanda ya tambaya.
Na ce, Sai-Mun-Je.

Ya zazzage aljihu, ɗari biyu da tamanin, har da canji.
Likita ya ce yanar idona ba ta jira,
kuma na san Furera za ta tambayi saba'in ɗin da suka ɓace.
Na ce, na sallama.

Na ba shi makulli, da sifana mai lamba goma,
da fulogi biyu a ƙunshe cikin leda.
Na ce, ka fara da kuloci, ringi ya jira albashi.
In ya ƙi tashi kada ka zage shi,
karkata shi hagu, ƙirga bakwai.

Ya karkata. Ya ƙirga. Ya buga sau ɗaya.
Munafukin ya tashi.

Na bi hayaƙin da idon da ya rage
har ya sha kwana.

Na hau acaba zuwa gida, a baya, kamar buhu.
Yaron na jan giya ta biyu tana kuka,
hannuna na dama na murɗa iska,
ƙafata ta hagu na neman abin da ba ya nan.