Toka da Ruɓaɓɓen Ganye

A bayan gidanmu, gindin Goron Dutse,
inda jar ƙasa ke gangarowa in an yi ruwa,
akwai wani kangon fili, taku arba'in.
Magarya ce ta cinye shi, ba wanda ya shuka ta.
Tsuntsu ya yar, ko akuya ta kasayar,
ta tsiro, ta yi ƙaya, ta ce nan ne gidana.

Kawu Barau mutumin wuta ne.
Da an gama tsinkar 'ya'ya, bazara ta matso,
sai ya tara karmami a gindin sashensa,
ya ƙyasta ashana, ya ja da baya yana jan carbi.
Reshe ya yi ƙara, ƙaya ta narke,
ƙwaro da ƙwansa su tafi tare.
Ya ce, "Toka gishirin ƙasa ce, yaro,
abin da bai ƙone ba ba ya sabon toho."
Kuma ba ƙarya ya yi ba:
ruwan farko na sauka
sai tsiro ya ɓullo kore shar cikin baƙin gawayi.

Inna Tasalla ba ta taɓa yarda ba.
Nata sashen na yamma, wajen matacciyar rijiya.
Adda take wasawa a tsohon dutsen niƙa,
ta sare reshe daidai gwiwarta,
ta daddatsa shi, ta bar shi nan inda ya faɗi.
Ƙaya ta sha jinin yatsunta ba sau ɗaya ba.
Maƙwabta su ce ƙazanta, mafakar kunama.
Ita kuwa: "Ku bar wa gara tuwonta,
ita ke kai saƙo can ƙarƙashi.
Abin da itace ya ara, a mayar wa mai shi."

Shekara uku Kawu na dariya,
kwanonsa na riga nata cika.
A ta bakwai ganyensa ya soma rawaya
kamar idon mai ciwon shawara.
'Ya'yan suka ƙanƙance, daga fata sai ƙwallo.
Ruwa in ya zo ba ya ko sallama,
ta kai yake bi, ya kwashe tokar ya kai wa kwata.

Rumasa'u, 'yata, mai karatun noma a Bayero,
ta ɗebi ƙasa leda biyu, gabas da yamma,
bayan mako uku ta dawo da takarda mai lambobi.
Ta ce, "Wuta na barin wani abincin a toka,
amma wanda ke sa ganye duhun kore
hayaƙi ke hawa da shi sama, ba ya dawowa.
Ke ma Inna, kada ki yi guɗa tukuna,
fasa 'ya'yanki ki gani, ɗaya cikin biyar da tsutsa."
Inna ta fasa. Ta yi shiru.
Kawu ya ce takarda ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Daren nan na fito kama ruwa,
na hangi mutum a farin wata, ya duƙa,
yana jidar ruɓaɓɓen ganye daga yamma zuwa gabas
a cikin hularsa.
Ban yi tari ba. Na koma ɗaki.

Yanzu dukansu suna kwance a maƙabarta,
ni aka bar wa adda da kwalin ashana.
Ina sara, ina barin abin da ya faɗi.
Reshe mai cuta kaɗai nake ja can gefe in ƙona,
in ya huce in dawo da tokar a kasko.

Jiya dillali ya zo da zancen shaguna,
yana auna filin da ido.
Na tusa hannu a ƙasar yamma har wuyan hannu,
sanyi, baƙi, ƙamshin damina tun kafin damina,
tana ta nannaɗe mini a yatsa.
Na miƙa masa hannun mu gaisa.
Ya duba farar rigarsa, ya ce zai dawo.