Inuwar Bene

A Tawa, bayan lakwal ɗinmu, bene ya tashi,
hawa huɗu cikin damina guda.
Tsahara ta ƙi zaman benci.
Ta ɗauki igiyar guga ta fita,
ta auna inuwarsa da hantsi,
ta sake aunawa kusa da azahar.

"Madam, wa ke cinye inuwar nan?"

Amsar tana bakina, na haɗiye ta.
Na miƙa mata gawayi.

Kwana tara tana jan layi bisa siminti,
Illo na riƙe mata bakin igiya,
magina na dariya daga sama.

Ran na goma ta ɗaga yatsa, ta nuna rana,
ta dube ni ba ta ce uffan ba.

Allina bai bar jaka ba ranar nan.