Digiri Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin ina ɗinkin takalma a Tsohuwar Kasuwa.
Nakan gane mutum daga tafin takalminsa.
Nawa gefen waje yake ci,
kullum gefen waje,
kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi gefe guda a gulbin Rima.

Yara sun ce akuya za ta ratsa tsakanin gwiwoyina
ba ta goge ni ba.
Na taya su dariya.
Da dare gwiwa ke biyan bashin dariyar,
can ciki, inda ƙashi ke niƙa ƙashi.

A Wamakko aka tsai da ni cik,
aka ɗauki hotona daga ƙugu har idon sawu.
Likita Nafi'u ya juyo mini da fuskar kwamfuta:
ga ƙafata fara fat, ba nama, ba rufin asiri.
Ya ja layi siriri daga sama har ƙasa.
"Ta tsakiyar gwiwa ya kamata nauyinka ya bi.
Naka ya kauce hanya."
Ya tsaga ƙwaurina a jikin gilashi,
ya buɗa, ya rufe, ya sake buɗawa,
ban ji ko cizon sauro ba.
"Digiri goma sha ɗaya," in ji shi.

Na ce, likita, ashe baduku ne kai.
Ni ma ba na ɗora wuƙa kan jar fata
sai na fitar da zane a kwali.
Ya ce, "Bambancin guda ne:
ni ba ni da wata fatar a ajiye."

Ranar Talata na yi barcin da ba nawa ba.
An ce na'ura ta zuba wa zarto ido,
tana gaya wa hannu: ƙara kaɗan. Tsaya.
Na farka da faranti da kusoshi ƙasan gwiwa,
da ƙishirwa.

Mako shida a kan sanduna.
Kulu na ƙirga takuna daga ɗaki zuwa randa,
in na kai tara ta ce goma.

Jiya Modi ya miƙo mini tsohon takalmina.
Ƙafar dama ta ƙi shi.
Na zauna na yanka mata sabon tafi, shimfiɗaɗɗe.
Ta hagu tana nan da bakanta, sai baɗi.
Yanzu haka nake zuwa masallaci:
ƙafa ɗaya sabo,
ɗaya tana cin gefenta.