Gurbi Na Biyar

Daga Puno aka turo ni, jaka a kafaɗa,
awa uku a kwale-kwale bisa tafkin Titikaka,
sanyi na cizon kunnena kamar na ci bashinsa.
Aikina in auno sabuwar manhaja,
shekara uku da shuka ta, ko ta yi tsiro.

Takardata gurbi biyar gare ta.
Littattafai sun iso? Sun iso,
ɓera ya riga yara karanta goma sha ɗaya.
Malama ta je horo? Ta je,
Fortunata Chura, mako guda a birni,
ta dawo da takardar shaida da mura.
Na uku da na huɗu alƙaluma ne,
maki ya tashi daga arba'in zuwa hamsin da shida.
Na ja layi, raina fes.

Sai na zauna a bencin baya, gwiwa a haɓa,
ina ƙirga sau nawa yaro zai buɗe baki
ba don maimaita abin da aka faɗa masa ba.
Har aka tashi ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wata 'yar mitsitsiya, Nelida Apaza,
ta karanta shafi na talatin da Sifaniyanci
sumul, ko tuntuɓe babu,
labarin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin birni.
Na ce, to me ya faru a ciki?
Ta sunkuya tana kallon takalminta.

Da yamma a bakin gona, da harshen Aimara,
ita ce ta ja rigata
ta nuna min dankalin da aka baje wa ƙanƙarar dare:
kwana nawa zai yi, yaushe za a tattake shi,
buhu nawa kakarta ta samu bara,
nawa aka kai kasuwa, nawa ya saura.
Ta tara, ta ɗebe, ba alli ba allo.

Gurbi na biyar: shirin ya yi nasara? I ko a'a.
Faɗinsa bai kai farce ba.

Malama ta ce, rubuta i,
kar su janye kuɗin abincin rana.
Kakar ta ce, mai ɗaki ya san inda ke yoyo,
kai kuwa kwananka biyu.

A hanyar komawa na juya bayan takardar
na shiga rubutu, layi bisa layi.
Celestino mai tuƙi ya ce, sun ci?
Ɗansa na aji uku.
Na ce ya ɗan rage gudu,
igiyar ruwa na karkata min rubutu.