Farar Hula a Kan Tsauni

Ni ne Nemesio Yujra, bakaniken inji,
shekara talatin da ɗaya a rundunar ruwan Bolibiya,
kuma ban taɓa ganin teku ba.
Yi dariyarka ka gama, baƙo.
Direbobin da ke jiran fito sun riga ka,
sun yi har sun gaji, sun koma roƙona ashana.

Tekunmu yaƙi ya ci
tun kakan kakana yana goye.
Aka ja layi a taswira, gaɓa ta faɗa aljihun maƙwabci,
aka bar mu da duwatsu, da farar hula,
da wata kalma mai gishiri a baki.

Sai muka hau da jiragenmu sama,
nan tafkin Titikaka, inda iska ba ta cika huhu,
inda inji ma haki yake kamar tsoho a hawan tudu.
Na san tarin kowane jirgin sintiri a Tikina.
Mai lamba huɗu ba ya tashi sai an lallaɓa shi,
mai lamba bakwai yana shan mai kamar ya ci gado,
bindigar da ke goshinsa kuwa,
tun da aka ɗaura ta, tsatsa kaɗai ta yaƙa,
ni da tsumma muka taya ta.

Akwai manya a birni masu zinariya a hannun riga,
ƙasa da su kyaftin, ƙasa da shi laftana,
a gangaro kan saje, a gangaro kan kofur,
sai kurtu, riƙe da guga.
Umarni kan taso daga can da ƙarfin ƙanƙara,
kafin ya iso gare mu ya narke,
ya zama: a sake fenti.
Mun shafa toka-toka a kan toka-toka
har jirgi ya ƙara nauyi.

Duk watan Maris mu fito fareti,
takalmi na ƙyalli, ganga na tsawa,
'yan makaranta ɗauke da jiragen kwali,
mu yi wa ruwan da ba ya nan gaisuwar soja.

Amma daren da kwalekwale ya kife
da buhunan dankali da mutum tara,
ba wanda ya tsaya tambayar ko mu sojan gaske ne.
Mai lamba huɗu ya tashi bugu ɗaya,
abin da bai taɓa yi ba, bai kuma sake ba.
Saje Limachi ya faɗa ruwan da ke yanka ƙashi,
ina riƙe da fitila, hannuna na rawa.
Mun tsamo bakwai.
Sauran biyun,
har na ajiye aiki ina rage wuta in na zo wurin.

Wata shekara ƙanen matata, Fortunato, mai tirela,
ya kawo mini teku a kwalbar lemo.
Na ɗora shi a kanta ina kallo.
Ashe murfin bai kama ba.
Ya ƙafe a hankali, ba sallama,
ya bar farin gari a gindin kwalba.
Ranar da gishiri ya ƙare a gida
Basilia ta kankare ta zuba a romon kifi.
Sai da na sha kwano biyu ta faɗa mini.
Kwana uku ban yi mata magana ba.
Ita ta ɗauka fushi ne.
Ni kuwa kasa kunne nake ga cikina
ko zan ji igiyar ruwa.

Bana jikana Eloy ya karɓi farar hula,
ta yi masa yawa, kunnuwa ke tare ta.
Ya same ni a bakin gaɓa ya ce,
Kaka, yaushe za mu koma teku?

Na dubi tafki, na dubi dusar ƙanƙara a kan tsauni,
na miƙa masa sifana mai lamba goma sha uku.
Na ce, fara da wannan notin.
Hagu yake kwancewa.
Bi shi sannu, ya girme ka.