Awa Huɗu da Rabi

Ina 'yar shekara tara, a Gangare,
Baba ya miƙe daga keken ɗinki zai ɗauko almakashi,
hannun dama ya ƙi zuwa.
Ya dube ni, yana son ya ce Rakiya,
bakinsa ya ce: maɓalli.
Maƙwabta suka ce iska ce ta gifta shi.
Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka kwana uku,
ran na huɗu aka nemo mota.

Shekara bakwai ina amsa sunan maɓalli.

Yau ina kwashe ofishina a Lamingo.
Kwali goma sha ɗaya, rajista zalla,
bangonsu ya sha damina ya kumbura.
Kowane mutum layi guda:
shekaru, unguwa, awon jini,
ɓarin da ya shanye, da awar da ya iso.
Wannan gurbi na ƙarshe shi ya cinye mini ƙuruciya.
Awa huɗu da rabi ilimi ya ara mana
kafin ƙwaƙwalwa ta ja ƙofarta.
Namu kuwa, sai an sayar da buhun dankali,
sai babban wa ya taso daga Bukuru,
sai gari ya waye an ɗage dokar hana fita.

In an ɗauke wuta, taga ce fitilata.
Nakan ɗaga hoton kai sama
in ga baƙin tabo a gefen hagu,
kamar kududdufin da masu haƙar kuza suka bari:
ruwa kwance, ba mai sha,
amma jiya nan gonar wani ce.

Ni da Nanbam mun yi damina shida a Farin Gada,
ma'auni a jaka, tsakanin kwandunan tumatir.
'Yan dako na dariya:
Likita, mai ɗaga buhu biyu ne zai yi hawan jini?
Ɗaya cikin uku.
Na faɗa musu, suka ce sai an tashi kasuwa.

Na aika rubutun ƙetare, ya dawo da layi biyu:
adadin majinyatanku bai kai a yanke hukunci ba.
Na ce, Allah ya sa kada ya kai.
Ya kai.

Akwai abin da lissafi ya kasa ɗauka.
Ngo Kachollom ba ta iya cewa ruwa,
amma ran Lahadi ta rera waƙar coci har ƙarshe
daga gado na shida.
Malam Tsalha mahauci ya kawo Fatiha ba gargada,
na nuna masa ɗansa, ya yi ta kallon bargo.
Shafi ashirin na rubuta a kansu,
aka tafa mini a taro,
har yau ban gane ba.

Makon jiya, da la'asar,
wata yarinya ta shigo da ubanta a keke daga Unguwar Rogo,
takalminta ƙafa ɗaya.
Ta ce a rediyo ta ji:
baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe,
kada a jira kowa.
Minti hamsin.
Na duba agogo sau biyu, na duba na Nanbam.

Da asuba ya buɗe ido ya ce, Hajo,
ina takalminki?

Mutum ɗaya ba hujja ba ne a bincike,
ni na koyar da ɗalibai haka.
Na cike layinsa, na rufe rajista,
na fita baranda, sanyin Jos na cizon kunne.
Hannuna na cikin aljihun farar riga
yana juya ɗan abin nan mai huda huɗu
da na tsinta ƙarƙashin keken Baba.