Fedar da Ba Ta Riƙe Ƙafa

A dajin Wharncliffe na faɗi, ranar Lahadi,
ba a gangare ba, ba a kan dutse ba,
a tsaye cik.
Na ja birki, keke ya tsaya,
ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.
Takalmin nan mai ƙugiya a tafinsa
ya cakumi feda kamar mai bin bashi.
Na murɗa diddige, na sake murɗawa,
sai ga ni male-male cikin taɓo, keke a kaina,
tumaki uku suna kallona ta ɓarakar katanga,
suna tuƙa, ko sannu babu.

Yaran ƙungiyarmu ne suka zuga ni,
wai gwani ba ya hawa sai ƙafa a ɗaure.
Na hau motar kwaɗayi da furfurata,
na kuwa sauka a tashar da aka sani.

Litinin, da na tashi aikin dare a asibiti,
na tura shi shagon Lorna, can gefen Hillsborough.
Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.
Ta goge baƙin mai a cinyar wandonta,
ta baje fedoji a tebur kamar mai tallar ƙosai:
ga ta roba, ga ta gorar ruwa,
ga wata ja mai tsadar buhun shinkafa biyu.
Ta ce, ɗaga ƙafarka in gani.
Lamba arba'in da shida, ƙafar manomi,
ta ture ƙananan gefe guda.

Ta miƙo wata mai faɗin tafin hannuna,
tsakiyarta ta ɗan lotsa kamar kaskon tuya,
ƙusoshi goma a kowace fuska.
Waɗannan, in ji ta, su ke kama roban takalmi,
amma ranar da ƙafarka ta zame
za su sa hannu a ƙwaurinka.

Na juya ta da yatsa, ta yi ta juyawa shiru,
sai ta juyo mini da Malumfashi.
Keken Baffa Tsalha, baƙi, mai madubi ɗaya,
fedarsa ta zube tun kafin a haife ni,
saura sandar ƙarfe tsirara, ta sha taku har tana ƙyalli.
A kanta na koya, da silifas,
ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda, ƙugu a karkace,
ina kai markaɗe, ina zubar da rabi.
Baffa bai taɓa riƙe mini sirdi ba.
Abu ɗaya ya ce, yana sakace:
in abin ya fi ƙarfinka, ƙasa ba ta ƙaura ba, sa ƙafa.

Shekara arba'in da wani abu,
sai na ƙetare teku na biya fam ɗari
don a hana ni sa ƙafa.

Na ɗauki ta robar, mai faɗin, baƙa.
Lorna ta ce in ta daki dutse ba ta kuka,
kuma ba ta shan sanyi kamar ƙarfe.
Ta shafa mai a zaren, ta ɗaura,
ta hagu a murɗa ta baibai, ta ce, kada ka manta.

Yanzu in na gangaro tsakanin saiwoyi masu santsi
ina sauke diddige, ina sassauta gwiwa,
keke na magana ta tafin ƙafata, ina amsawa.
A kwana mai laka nakan zura ƙafa waje
in shafi ƙasa, mu gaisa, in wuce.
Yaran suna riga ni kaiwa sama. Su kai.

Ƙusoshin kuwa sun cika alkawari.
Da asuba, in na naɗe wando zan yi alwala,
ga ɗigo huɗu a jere a ƙwaurin dama,
kamar wasalin da aka manta a saman baƙi.
Hindatu ta ce, Baba, me ya cije ka?
Na ce, abin da na zaɓa ne.
Ta ce, to me ya sa?
Ruwan famfo na zuba, da sanyi,
ban gama nemo mata amsa ba.